Shayi da Karin Kumallo: Daga Ƙasar Sin Zuwa Birnin Kebbi

A Kwantan da ke kudancin ƙasar Sin, mutane kan yi sammako zuwa gidajen shayi su karya kumallo da wasu 'yan ƙananan cimaka da ake turarawa cikin kwandunan gora, waɗanda suke kira dim sam. Zaman kansa sunansa yam ca, wato shan shayi, kuma ya bunƙasa ne a ƙarni na 19. Mai karatu zai ce ina ruwan Birnin Kebbi da wannan? To, ganyen da ya tara su can shi ne ke tara mu a teburin mai shayi.

Kafin zuwansa, kalacin mutanen kwarin Rima bai wuce ɗumamen tuwo da kunu ko koko da ƙosai ba, sai masar shinkafa, domin Kabawa sun daɗe da noman shinkafa a fadama da su a gulbi. Shayi baƙo ne, kuma harshenmu ya adana shaidar hanyoyi biyu da ya biyo.

Hanya ta farko ta Hamada ce. Yawancin Sinawa na kiran ganyen ca. Farisawa suka ara, Larabawa suka karɓa suka ce shay, mu kuma muka ce shayi. A ƙarni na 19 koren ganyen Sin ya yawaita a Arewacin Afirka, ayarin raƙuma suka gangaro da shi kudu. Irinsa ne Buzaye ke dafawa a 'yar buta bisa garwashi, a sha zubi uku.

Ta biyu kuwa ta teku ce. Mutanen gaɓar Fujiyan na cewa te. Fataken Holan suka kai sunan Turai, Ingilishi suka ɗauka, daga bakinsu muka sami ti. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, kuma fadar Sarkin Gwandu ta koma Birnin Kebbi a 1906, garin ya soma tara ma'aikata da 'yan kasuwa. Sannu a hankali baƙin ganye da madara da sukari da burodi suka sami gindin zama. Wanda ya baro iyali a ƙauye, ba mai yi masa ɗumame, sai ya nufi mai shayi. Da garin ya zama hedikwatar Jihar Kebbi a 1991, irin waɗannan mutane suka ƙaru, tebura suka yaɗu a tashoshi da bakin kasuwa. Daga bisani taliyar Indomie, wadda asalinta Indonesiya, ta zo ta hau teburin.

An ce baƙo raɓa ne, amma wannan ya zama ɗan gari. Sai dai akwai abin lura. Sinawa sun ɗora nasu abincin a gefen shayinsu, har dim sam ya kai Landan da Amurka da sunansa. Mu kuwa burodi da taliya muka ɗora, alhali yawancin alkamarsu daga waje ake sayo ta, ga kuma shinkafa a fadamar Argungu. Ƙalubale ne ga ɗalibai su rubuta tarihin masa da ƙosai daga bakin tsofaffin masu tuya tun suna raye, domin abin da ba a san asalinsa ba da wuya a san darajarsa.