Shekarar da masaƙan Kano suka fi Ingila tayi

Wani mai karatu da ke da rumfar yadi a Kasuwar Sabon Gari ya aiko da tambaya: shin gaskiya ne Turawa ne suka kashe saƙar Kano da gangan tun ranar da jirgin ƙasa ya iso, ko kuwa laifin 'yan China ne kamar yadda ake faɗa a Kantin Kwari? Kashi na biyu na tambayar kowa ya ji shi har ya gaji. Na farkon ne ake yi wa kuɗin goro, kuma a nan masana tarihi suka rabu gida biyu.

A 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka Kano. Ya ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano a fitar da su waje sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, kuma Tambutu kaɗai tana ɗaukar kayan raƙumi 300. Turkuɗin Kura da ƙore da rawani suna zuwa Gat da Murzuk har Tarabulus. Mata na gurza da kaɗi a cikin gida, masaƙi na fitar da sawaye masu faɗin 'yan yatsu, maɗinki ya harhaɗa, marini ya tsoma a karofi, mabugi ya yi ta dukan zane da shuni har ya riƙa walƙiya. Barth ya yaba da cewa sana'a ce ta iyali, sai dai bai tsaya sosai kan bayin da ke noma audugar da baban a rinjin sarakuna ba, alhali guminsu na cikin arahar kayan. Fagge kuwa tun can zangon Buzaye ne da fataken da ke jiran waɗannan kaya a bayan ganuwa.

Wannan kasuwa ce Ingila ta hango. A 1902 masu masaƙun Lankasha, da suka gaji da dogaro da audugar Amurka, suka kafa ƙungiyar BCGA a Mancasta. Lissafinsu mai sauƙi ne: mutanen da ke noma audugar da ta tufatar da rabin Sudan ta Yamma, in aka kai musu dogo, sai su sayar da ita ɗanya, su sayi akokon Ingila. Gwamna Lugga bai ɓoye wannan fata ba a rahotanninsa, kuma harajin da ya ɗora wa ayarin fatake, wanda ke ƙaruwa da yawan lardunan da aka ratsa, ya danne masu kai tufafin gida nesa har aka soke shi a 1907. Winston Churchill, lokacin yana ƙaramin minista a ofishin mulkin mallaka, da hujjar auduga ya kare kuɗin gina dogon. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912. Daga nan aka yanka Sabon Gari domin akawuna da ma'aikatan reluwe 'yan kudu, kamfanoni irin su John Holt suka jera kantuna kusa da tasha, Kwarori suka samu fili a Fagge ta Kudu. Kasuwar Sabon Gari da Kantin Kwari duk 'ya'yan wannan dogo ne.

Ruwaya ta farko ta ce daga nan komai ya ƙare: akoko ya shigo, masaƙi ya naɗe zarensa. Ita ce ake koyarwa a aji saboda tana da daɗin haddacewa. Ruwaya ta biyu, wadda Jan Hogendorn da Marion Johnson da Philip Shea na Jami'ar Bayero suka bi diddigi, ta ce abin da ya faru kusan akasin haka ne, kuma ni ita na fi gamsuwa da ita.

BCGA ta kafa injin gurza a Zariya, ta sa farashi: kwabo ɗaya kan kowane laba na auduga mai gurya. Ba za ta iya wuce nan da yawa ba, domin sai ta biya jirgin ƙasa da na ruwa, sannan ta yi gogayya da audugar Amurka a Libaful. Dillalan masaƙan Kano ba su da wannan ɗawainiya. Sukan bi ƙauyukan Zazzau da kudancin Katsina da jakuna, su ɗora a kan tayin Bature, su kwashe. Manomin da ya kai kaya bakin sikelin kamfani, galibi abin da masu kaɗi suka raina ne ya kai. Turawan suka yi ta rubuta ƙorafi cewa masaƙan gida sun hana su auduga, wato dai wanda aka zo binnewa shi ya fi kowa ƙarfin aljihu a kasuwa.

Manomin Kano kuma ya yi nasa lissafin. Gyaɗa ta fi dacewa da jigawa, ana haɗa ta da gero a gona ɗaya, harawarta abincin dabba ce, kuma in shekara ta ɓaci ana cin ta. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta tuna wa kowa cewa ba a tuƙa tuwo da auduga. Tsofaffin fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suka baza yaransu ƙauyuka da kuɗi da gishiri, kuma a 1913 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta haura tan 19,000. Taragun da aka tanada domin auduga gyaɗa suka yi ta ja, har Alhassan Ɗantata ya zama abin da ya zama.

Ba ina cewa mulkin mallaka bai yi wa saƙa lahani ba. Gwamnati ta shigo da irin audugar Allen na Amurka, ta keɓe kasuwannin saye, ta yi amfani da hakimai da lokacin biyan haraji ta matsa wa manoma. Amma lahanin a hankali ya ci, cikin shekaru da yawa. Marina suka koma rina farin yadin kanti, Buzaye kuma suka ci gaba da neman rawani ɗan Kura. Yadin Japan mai araha a shekarun 1930 ma ya taɓa masaƙi. Wanda ya ƙarasa shi kuwa, a ganina, namu ne: masaƙun inji da muke kuka a kansu yau.

Sardauna ya kawo masaƙar KTL Kaduna a 1957 tare da kamfanin David Whitehead, UNTL ta biyo baya a 1964 da jarin Cha Chi Ming na Hong Kong. Kano ta samu Bagauda ta Isyaku Rabi'u da Gaskiya ta Nababa Badamasi, Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka cika da ma'aikata, saƙa ta zama masana'antar da ta fi kowace ɗaukar mutane aiki a ƙasar. Sai tsarin tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya naira, aka rushe hukumar auduga, wuta ta gagara, baƙin mai ya yi tsada. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Da Obasanjo ya maido shi, diloli suka ci gaba da shigowa ta Kwatano da Maraɗi da Jibiya. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. A 2012 hukumar shige da fice ta kama 'yan China 45 a Kwari, a 2015 marina suka yi tattaki zuwa fadar Sarki suna kukan rinannen yadin China. Ko wannan karon ma, 'yan kasuwar Kwari ne suka fara zuwa Guangzhou da samfurin atamfa a jaka suna neman a buga musu irinta da araha, kafin masu masaƙun can su biyo sawunsu zuwa Fagge.