Asalin Wuƙar Damtse a Ƙasar Gumel

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis, ya ratsa kara inda ake cinikin shanu da raƙuma, ya cuɗanya da baƙin da suka gangaro daga ƙasar Damagaram da abin da ke bayanta, ba wuya, sa'ad da wani Buzu ko Batube ya ɗaga hannu zai ja akala, hannun rigarsa ya zame, ya hangi wata 'yar wuƙa a maƙale a jikin hannun, cikin kube mai zoben fata. Ita ce wuƙar damtse. Yaran yanzu sun ɗauke ta kayan baƙi, alhali kuwa akwai zamanin da magidanci a ƙasar Gumel ba ya ganin shirin tafiya ya cika sai da ita, don haka ya kamata a san inda ta fito da dalilin da ya sa aka yi ta a wannan siffa.

Malamai, in za su ba da asalin ƙira, sukan fara da Annabi Dawuda, alaihis salamu, wanda Alƙur'ani mai girma ya ba da labarin cewa Allah ya tausasa masa ƙarfe har ya riƙa yin sulke da shi, kuma sukan tunatar da cewa akwai sura guda a cikin Littafin da aka yi wa suna da ƙarfe. Amma a nan ƙasashenmu na Sudan, sanin ƙarfe ya daɗe ƙwarai. Masu tonon kufai sun sami matoyar tama a Taruga, kusa da Abuja, wadda shekarunta suka haura 2,000, sun kuma sami wata a Dutsen Dala wadda suka ƙiyasta ta ƙarni na 7 ce bayan Annabi Isa. Riwayar Abagayawa ma ta zo daidai da wannan, domin sun ce kakansu maƙeri ne mai suna Kano, wanda ya taso daga Gaya yana neman tama, da ya same ta a gindin Dala sai ya yada zango. Ke nan birnin da ya fi kowane girma a ƙasar Hausa, bisa faɗar mutanensa, maƙera ce mafarinsa.

A wancan zamani samun ƙarfe wahala ne mai yawa. Sai an haƙo tama, an farfasa ta, an sare itatuwa masu tauri, musamman ƙirya, an ƙona gawayi, an gina matoya da yumɓu, sa'an nan a jera tama da gawayi hawa-hawa a kunna wuta, a yi ta fama da ita dare da rana, kafin a sami curin da za a sake dukansa a maƙera har dattin ya fita. Abin da aka samu da irin wannan gumi ba a yi masa riƙon sakainar kashi. Shi ya sa tsohuwar fartanya in ta cinye ba a yar da ita, sai a mayar wa maƙeri ya fid da wuƙa ko kibiya daga cikinta, kuma shi ya sa kowane sarki yake da Sarkin Maƙera a fadarsa, wanda ta hannunsa ake tara masu ƙera mashi da takobi da linzami in yaƙi ya taso.

To, Gumel kuwa ƙasa ce da yaƙi da fatauci suka raina tare. Mangawa ne suka kafa sarautar wajen 1750 a ƙarƙashin Ɗan Juma, ta zama tana bin Borno, kuma ko da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya game ƙasar Hausa, tutar Sakkwato ba ta kafu a kanta ba. A zamanin Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma aka bar Tumbi, wadda yau take cikin Nijar, aka zauna a Gumel ta yanzu. Wanda ya dubi inda Allah ya ajiye ta zai gane halin da mutanenta suka zauna a ciki: Kano a yamma maso kudu, Haɗeja a gabas, Damagaram a arewa, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da ba a gwabza da ita ba. Rigimar Haɗeja ba ta lafa ba sai da Sarkin Gumel Abdullahi ya rasu a 1872, a daidai lokacin da Sarkin Damagaram Tanimu yake sa maƙeransa suna zuba masa igwa a Zinder. Talakan da ke noma a karkarar Sule Tankarkar ko Gagarawa a irin wannan zamani bai san ranar da mahara za su faɗo masa ba, kuma kafin dakarun sarki su iso, abin da ke jikinsa shi ne gatansa.

Ta fuskar fatauci kuma, Bajamushen nan Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Gumel a watan Maris na 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya tarar da gari mai albarka wanda ya zama matattarar cinikin kanwa. Shi ne kuma ya ƙiyasta cewa ruwan takubba wajen 50,000 ne ake shigowa da su Kano kowace shekara ta hanyar hamada, galibinsu ƙirar garin Solingen na Jamus, a Kano ake sa musu mariƙi da kube a sake fitar da su. Wannan ƙiyasi ya bayyana wani abu da ba kowa ya lura da shi ba, wato takobin da barade suke taƙama da shi sau da yawa ruwansa baƙo ne, amma wuƙa ta gida ce tun daga tsininta har mariƙinta, domin ba ta buƙatar dogon ƙarfe, kuma maƙerin ƙauye yana iya fid da ita daga abin da ke gabansa.

Game da ɗaura ta a hannu, al'ada ce da ta ratsa bakin hamada tun daga Azbin har ƙasar Wadai da Darfur, kowace al'umma da irin nata salo. Buzu yakan kwantar da tasa a cikin hannun hagu, mariƙi a wajen wuyan hannu, tsini yana duban gwiwar hannu. Batube kuwa sama da gwiwar hannu yake ɗaura tasa, kuma wannan ɗaurin na damtse shi ya fi yawa a gabas, cikin Barebari da maƙwabtansu. Abin da hankali ya fi karɓa shi ne ta ƙofa biyu ta shigo ƙasar Gumel: ta hannun Mangawa da suka zo da ɗabi'un Borno, da kuma ta hannun ayarin Azbinawa masu kawo gishirin Bilma. Hikimar abin kuwa a fili take ga wanda ya taɓa hawan raƙumi ko ya sa babbar riga. Wuƙar da ke ƙugu, in riga ta rufe ta, sai an yi lalube kafin a kai gare ta, in an zauna a kan sirdi ta tokare ciki, in an kwanta sai an kwance ta. Ta damtse kuwa tana nan ko mutum yana tafe ko yana barci, hannun dama yana kai mata a ƙiftawar ido, kuma ɗan fashi ba ya iya zare ta mai ita bai ji ba. Ba kuwa don faɗa kaɗai ake riƙe ta ba, ko kusa. Da ita matafiyi yake yanke igiya, ya fere sanda, ya cire ƙaya, kuma in dabba ta faɗi a daji tana shirin mushe, da ita zai yi bismilla ya yanka ta halatta. Shari'a ta yi umurni da a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, saboda haka ga Musulmi kaifin wuƙa ya shiga babin ihsani.

Wuƙa guda, in ta kirki ce, hannu uku take bi kafin ta kammala. Maƙerin baƙi shi ne na farko. Yaro yana zuga, shi kuma ya kama ƙarfen da awartaki ya cusa cikin garwashi, yana lura da launinsa, in ya yi ja ya ɗora a kan uwar maƙera ya bi shi da masaba, yana juyawa, yana jan tsinin a hankali, yana barin tsakiya da kauri don kada ta lanƙwashe, gefe biyu kuma yana sirantar da su, domin wuƙar damtse baki biyu gare ta. Wurin da gwaninta take shi ne wurin tsoma ta a ruwa, gama in ya yi gaggawa ƙarfen ya bushe ya riƙa karyewa, in ya yi jinkiri ya yi laushi ya ƙi riƙe kaifi, kuma babu ma'aunin da yake dubawa sai idonsa da abin da ya gani a wurin mahaifinsa. Daga nan maƙerin fari ya yi wa mariƙi ado da farin ƙarfe ko jan ƙarfe, in mai ita yana da hali. Sa'an nan baduku ya ɗinka kube da jar fata, wani lokaci ya sa fatar guza ko ta damo, ya haɗa zoben da zai kama damtse daidai, bai matse jini ba, bai kuma sulluɓe ba.

Zuwan Turawa ya sauya abu biyu. Da Sarkin Gumel Ahmadu ya bi su a 1903, hare-hare suka ƙare, buƙatar makami ta ragu. Sa'an nan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma ja reshensa zuwa Nguru wajen 1930, ya bi ta Gagarawa, sai tarkacen ƙarfen Turai ya yawaita ya yi araha, har ya zamana ba mai sauran dalilin shan wahalar tama. Cikin 'yan shekaru ilmin narka ta, wanda aka gada fiye da shekara dubu, ya tafi tare da tsofaffin da suka san shi. Yau abin da maƙeri ya fi so ya yi wuƙa da shi shi ne sifirin ɗin tsohuwar mota.

A nan ne labarinmu ya haɗu da na wasu mutane masu nisa. A ƙasar Nefal, cikin duwatsun Himalaya arewa da Indiya, akwai wata wuƙa da ake kira kukuri, mai tsawon kamu ɗaya ko kusa da haka, wadda ruwanta ya ranƙwafa gaba, ya yi faɗi da nauyi wajen kai, har ta zama tana sara kamar gatari alhali tana yanka kamar wuƙa. Maƙeran da ke yin ta, waɗanda ake kira Kami, gadon sana'ar suke yi kamar namu, su ma sifirin ɗin mota suke nema, kuma maimakon su tsoma ruwan wuƙar duka, da buta suke tsiyaya ruwa a bakin kaifin kaɗai, don baki ya yi tauri, gadon baya ya zauna da laushinsa ya jure sara. Mariƙinta itace ne ko ƙahon ɓauna, kuma a bayan kubenta akwai 'yan ƙananan ƙarafa biyu, ɗaya ta fira, ɗaya ta gyaran kaifi. Asalinta kayan aikin manomi ce, da ita yake saran itace da yankan dabba, amma tun da Ingilishi suka yi yaƙi da Nefal daga 1814 zuwa 1816, suka ga jaruntakar mutanen Gurka suka fara ɗaukarsu soja, sunanta ya bi su duk inda suka je. Kakanninmu 'yan Bama sun gan ta da idonsu, domin a 1944 bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta sojan Nijeriya sun shiga dajin Bama cikin rundunar Janar Wingate tare da bataliyoyin Gurka, waɗannan da kukuri, namu da adda.

Abin da ya sa na kawo zancenta shi ne yadda duniya ta riƙe ta. A Ingila da Amurka da wasu ƙasashe akwai ma'abota tara kukuri, suna sayenta da tsada, kuma ba kaifi ne kawai suke saye ba. Sukan tambayi garin da aka ƙera ta, ko Bojpur ne ko Cainpur, da zamaninta, da ko ta soja ce ko ta ƙauye, su rubuta duk wannan su ajiye tare da ita, har ya zama ana gane ƙirar gari da ganin siffar ruwanta. A ganina wuƙar damtse ba ta gaza kukuri a hikima ba, kowace an yi ta ne daidai da ƙasarta, waccan don mai saran daji a kan dutse, wannan don mai tafiya a rairayi. Inda suka fi mu shi ne sun kiyaye nasabar tasu, mu kuwa tamu in mai ita ya rasu, galibi sai a jefa ta cikin tsohuwar adaka ta yi tsatsa, ko a sayar wa dillalan kayan da, su haura da ita ƙasashen waje, a rubuta mata sunan Buzaye ko da kuwa a Gumel aka ƙera ta. Dokar Nijeriya ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba da izni ba, amma doka ba ta shiga adakar kowa.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in akwai irin wannan wuƙa a gidanku, ko barho, ko takobin kaka, kada ka goge ta da magagari don ta yi ƙyalli, kada kuma ka raba ta da kubenta ko da ya tsufa. Shafa mata ɗan mai, ka ajiye ta inda damshi da yara ba sa kaiwa, sa'an nan ka je wurin dattijon da ya rage a zuriyarku ka tambaye shi wa ya mallake ta, a wane gari aka ƙera ta, maƙeran wane gida ne, ka rubuta da boko ko da ajami ka ɗaura a jikin kuben tun yana da ran da zai faɗa maka.