Yadda tudun Catbells ya zama na kowa

A arewa maso yammacin Ingila, a gaɓar yamma ta tafkin Derwentwater, akwai wani tudu da ake kira Catbells. Tsayinsa mita 451 ne kacal, kuma a Yankin Tafkuna akwai duwatsun da suka ninka shi. Duk da haka, da wuya a sami tudun da ƙafafu suka fi takawa a wannan yanki. Masu hutu kan hau jirgin ruwa daga garin Keswick su sauka a Hawse End, iyaye da yara har da kakanni, su kama hanya, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci sun isa ƙololuwa. Wanda ya ga wannan zai ɗauka haka abin yake tun fil azal. Alhali sai da aka yi jayayya, aka je kotu, aka tara kuɗi, kafin talakan Ingila ya sami damar tsayawa a nan ya kalli ruwa.

A da, tudun wurin aiki ne. Makiyaya na kora tumaki a kansa, kuma a kwarin Newlands da ke bayansa, mahaƙa daga Jamus sun zo a shekarun 1560, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, suna tonon tagulla a mahaƙar Goldscope. Daga baya aka haƙi dalma a gindin tudun ta ɓangaren tafki, kuma har yau tarin ɓaraguzan yana nan. Babu wanda ke hawa don nishaɗi. Mutumin da ya wuni yana fasa dutse ba ya marmarin ƙarin hawa ranar hutunsa.

Marubuta da masu zane ne suka fara sauya wa mutane ido a ƙarshen ƙarni na 18, suka mai da duwatsu abin sha'awa. Sai dai sha'awar ta masu hali ce. William Wordsworth, mawaƙin da ya fi kowa tallata kyawun yankin, shi ne kuma ya tsaya kai da fata a 1844 yana adawa da shimfiɗa layin dogo zuwa Windermere, don gudun kada ma'aikatan masaƙu su cika wurin. Bai yi nasara ba. Jirgin ƙasa ya isa Windermere a 1847, ya isa Keswick a 1865, jama'a kuma suka biyo shi.

A nan rigima ta tashi, domin ƙasar da ke kewaye da tafkin tana hannun masu gidaje da gandaye. A 1887 wasu daga cikinsu suka toshe hanyoyin ƙafa da mutanen Keswick suka saba bi, ɗaya a Fawe Park kusa da Catbells, wasu a tudun Latrigg da ke saman garin. Ƙungiyar kare hanyoyin ƙafa ta garin ta ƙi yarda. Mambobinta suka riƙa zuwa suna cire shingen, kuma a ranar 1 ga Oktoba kimanin mutum 2,000 suka haura Latrigg a tare. Shari'ar ta kai kotu a Carlisle a 1888, inda aka yi sulhu aka bar hanya ɗaya a buɗe. Ana yawan ambaton gangamin Kinder Scout na 1932, wanda aka ɗaure mutum biyar a kansa, a matsayin mafarin wannan gwagwarmaya, amma mutanen Keswick sun riga su da shekara 45, kuma a ganina ba a ba su haƙƙinsu a tarihi ba.

Limamin cocin Crosthwaite da ke Keswick, Hardwicke Rawnsley, ya fahimci cewa hanyar da aka ƙwato yau ana iya sake toshe ta gobe muddin ƙasar na hannun mutum ɗaya. A 1895 shi da Octavia Hill da Robert Hunter suka kafa National Trust, domin a sayi filaye a riƙe su amana ga al'umma. Filin farko da ƙungiyar ta saya a Yankin Tafkuna shi ne Brandelhow, daji da makiyaya mai eka 108 a gindin Catbells, a 1902. Da gudummawar jama'a aka biya kuɗin, har da ta ma'aikatan masana'antu na biranen arewa. Gimbiya Louise, 'yar Sarauniya Victoria, ita ta buɗe shi.

Akwai kuma wani mutum da mai hawa zai ci karo da allon tunawa da shi a jikin dutsen hanya: Thomas Arthur Leonard, limami a garin Colne mai masaƙu. A 1891 ya kwashi matasan cocinsa zuwa Ambleside don su yi hutu a duwatsu maimakon shagulgulan bakin teku, kuma daga nan ƙungiyoyin hutu masu rahusa suka samo asali. Beatrix Potter, wadda iyayenta ke kama gida a Lingholm da Fawe Park lokacin hutu, ta sa labarin bushiyarta mai wanki na 1905 a gangaren wannan tudu, shi ya sa yara da yawa sun san shi kafin su gan shi.

Doka ta zo a makare. An zartar da dokar gandayen shaƙatawa na ƙasa a 1949, Yankin Tafkuna ya shiga cikinsu a 1951, sai a shekarar 2000 aka ba jama'a izinin yawo a buɗaɗɗun duwatsu da dazukan kiwo, izinin da bai wuce kusan kashi 8 cikin 100 na ƙasar Ingila ba.

Yanzu damuwar Catbells ta juya: yawan ƙafafu ya zaizaye hanyar, ruwan sama na bin sawun yana yaga ƙasa. Ma'aikata da 'yan sa kai na shirin Fix the Fells ke jera duwatsu a matsayin matakala a wuraren da suka lalace, kuma a kan wasu tuddan da jirgi mai saukar ungulu ake kai musu duwatsun cikin manyan buhuna.