Abin da ke rage wa ruwan famfo ƙarfi, da yadda ake gane ko matsalar ta gida ce ko ta hukuma

A birane da dama na arewacin Najeriya, tambayar da ake fara yi da safe ita ce ko an kawo ruwa. Ta biyu, wadda ba kasafai ake tsayawa a kanta ba, ita ce da wane ƙarfi ya zo. Ruwan da ke tsiyaya kamar zare ba ya hawa tanki, ba ya kaiwa bene, kuma yakan ɗauke kafin jarka ta uku ta cika. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Haka ma ba ya rasa ƙarfi banza. Ko dai matsalar tana cikin gida, inda mai gyaran famfo zai iya magance ta, ko kuma tana kan babban layi, inda alhaki ya rataya a wuyan hukumar ruwa. Wanda bai iya bambance su ba yakan kashe kuɗinsa inda ba nan cutar take ba, ko ya yi shiru kan haƙƙin da ya kamata ya nema.

Mene ne ƙarfin ruwa?

Abubuwa biyu ake yawan cakuɗawa: ƙarfin da ke tura ruwa a cikin bututu, da yawan ruwan da ke fita ta kan famfo a minti ɗaya. Ruwa na iya zama da ƙarfin turi amma ya fito kaɗan idan hanyarsa ta toshe. Idan kuwa turin ne ya yi rauni, komai faɗin bututu ba zai fito da yawa ba.

Injiniyoyi suna auna turin da ma'aunin da ake kira bar. Kusan bar 1 ake samu duk lokacin da ruwa ya sauko daga tudun da ya kai mita 10. Don haka tankin da ya ɗara kan famfo da mita 5 rabin bar kawai zai bayar, ko lita 500 yake ci ko lita 5,000. Tsawon hasumiyar da aka ɗora tanki a kai ne ke ba da ƙarfi, girmansa kuwa daɗewar ruwan kawai yake ƙarawa. A kan wannan ƙa'ida aka gina tsarin ruwan birane: a Kano ana turo ruwa daga matatu irin su Challawa da Tamburawa, kuma an kafa manyan ma'ajiyai a kan Goron Dutse domin ruwa ya gangaro da kansa, a Abuja ma tudun da madatsar Usuma take a kai ne ke taimaka wa ruwanta saukowa cikin birni.

Alamomin rauni

Alamar farko ita ce jinkiri: bokitin da ya saba cika cikin minti ɗaya ya koma cin minti uku. Sai raguwar ruwa a banɗaki da zarar an buɗe famfon kicin, da shawar da ta koma ɗiga, da tankin bayan gida da ke daɗewa bai cika ba, da ruwan da ke zuwa ƙasa amma ba ya hawa bene. Idan famfo na tari yana fesar da iska kafin ruwa ya biyo baya, iska ta shiga layi, abin da ke faruwa bayan an ɗauke ruwa ko tanki ya ƙafe. Ruwan da ya fito ja yana nuna tsatsa. Wanda ya zo da laka ko wari kuwa yana nuna cewa wani abu daga waje yana kutsawa cikin bututu.

Yawan ƙarfi ma matsala ne, ko da yake ya fi shafar gidaje masu injin tura ruwa da na kwari. Alamominsa su ne ƙarar bugu a cikin bango idan an rufe famfo da sauri, da yawan lalacewar robar kan famfo, da mahaɗar bututu da ke ɓallewa. Dokokin aikin famfo na Amurka sun wajabta sanya na'urar rage ƙarfi idan ya haura kimanin bar 5.5.

Gwajin da kowa zai iya yi

A fara da tambayar maƙwabta. Idan layin gaba ɗaya ya yi rauni, matsalar ta waje ce. Idan gida ɗaya ne kawai, a zagaya famfunan ciki: rauni a famfo guda na nufin toshewa a kansa ko a reshensa, rauni a duka kuwa na nuna makullin shigowa, ko tanki, ko babban bututun gidan. Idan ruwan zafi ne kaɗai ya ragu, a duba tukunyar dumama ruwa.

Sai gwajin bokiti. A tara mai cin lita 10, a buɗe famfo har ƙarshe, a duba agogo. Idan ya cika cikin minti ɗaya, ana samun lita 10 a minti. A maimaita da asuba, da rana, da kuma tsakar dare na tsawon mako guda, ana rubutawa. Ruwan da ke ƙarfi da dare ya yi sanyi da safe shaida ce cewa masu ɗiba a layin sun fi abin da ake turowa yawa. Wanda rauninsa bai canzawa dare da rana ya fi kama da toshewa ko ƙanƙantar bututu.

Domin gano yoyon ɓoye, a rufe duk famfuna a duba mitar ruwa. Idan tana ci gaba da juyawa, ruwa na zurarewa a wani wuri. Inda babu mita, a yi alama a matakin ruwan tanki da dare, a duba da asuba kafin kowa ya taɓa. A tankin bayan gida kuma a ɗiga bula kaɗan. Idan shuɗin ya bayyana a cikin masai ba tare da an kora ba, robar da ke riƙe ruwan ta mutu.

Dalilan da ke cikin gida

Mafi sauƙinsu shi ne 'yar ragar da ke bakin famfo ko ramukan shawa da yashi da farin dattin da ruwa ke bari suka toshe. Kwancewa da wankewa sun wadatar. Na biye shi ne makullin ruwa da aka bari rabi a rufe bayan gyara, ko ƙwallon da ke tsayar da ruwa idan tanki ya cika ya maƙale.

A tsofaffin gidaje, bututun ƙarfe yakan yi tsatsa daga ciki har hanyar ruwa ta koma kamar tsinke, alhali daga waje lafiya lau yake. Wannan ba ya gyaruwa sai da sauyi. A sababbin gidaje kuwa, tsumulmular mai gini ce ke jawo matsalar: a ja bututun rabin inci daga tanki zuwa banɗakuna huɗu, da lanƙwasa barkatai. Hanyar ruwa a bututun inci uku bisa huɗu ta ninka ta rabin inci fiye da sau biyu, kuma kowace lanƙwasa tana cin wani kaso na ƙarfin.

Yoyo ma yana rage ƙarfi, yana kuma cin kuɗi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da sama da lita 11,000 a shekara, wato fiye da jarka 400 masu cin lita 25 irin na 'yan garuwa. Damshi a bango, da fenti mai kumbura, da wurin da ciyawa ke tsirowa a tsakar gida da rani, duk alamun yoyon ƙarƙashin ƙasa ne.

Masu rijiyar burtsatse suna da nasu dalilan. Daga watan Maris zuwa Mayu ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan ja baya, sai inji ya riƙa zuƙo iska. Ƙarancin ƙarfin lantarki yana rage masa gudu, yashi kuma yana cinye fukafukansa a hankali.

Dalilan da ke kan babban layi

Matatar ruwa da lantarki take aiki. Idan wuta ta ɗauke kuma babu man janareto, ma'ajiyai sukan sauka, unguwannin tudu da na ƙarshen layi su fara rasa ruwa. Ga tsufan bututu: Kano ta fara shan ruwan Challawa tun farkon shekarun 1930, birnin kuma ya yi ta faɗaɗa fiye da yadda ake shimfiɗa sababbin layuka. Ga bututun da masu aikin titi da magudanai ke fasawa, ga jonin da ake yi ba bisa ƙa'ida ba.

Akwai kuma laifin da maƙwabci ke yi wa maƙwabci. Wanda ya jona inji kai tsaye a layin hukuma yana zuƙe ruwan da ya kamata ya isa gidajen gaba. Da ɗaya ya fara sai saura su bi, a wayi gari wanda ba shi da kuɗin inji ya koma sayen jarka. Hanyar da ta dace ita ce ruwan hukuma ya zuba da kansa a tankin ƙasa, sannan inji ya ɗaga shi zuwa na sama.

Haɗarin da ya wuce jinkiri

Muddin bututu a cike yake da ruwa mai ƙarfi, duk ƙofar da ke jikinsa fitar da ruwa take yi. Da zarar ƙarfin ya faɗi, ko inji ya zuƙe layin, ƙofar nan takan koma mashiga. A unguwannin da ƙananan bututu ke ratsa kwata, abin da ke shiga ɗin ruwan ƙazanta ne, kuma shi ne zai fara fitowa idan an dawo da ruwa. Ta irin wannan hanya ƙwayoyin kwalara da taifot kan isa gidan da ke ganin ruwansa tsabtatacce ne. A shekarar 2021, hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Saboda haka a bar ruwan farko ya zuba har ya washe, a tafasa na sha, a kuma ɗauke duk bututun da ke kwance cikin kwata.

Abin da ya kamata a nema

A Ingila da Wales doka ta ɗora wa kamfanin ruwa ƙarfin da bai gaza na tudun mita 7 ba a bututun da ke shiga gida. Idan ya gaza haka na awa ɗaya ko fiye, sau biyu cikin kwana 28, sai ya biya mai gidan diyya. Darasin da ke ciki shi ne ƙarfin ruwa abu ne da ake aunawa, kuma abin da ake aunawa ana iya tuhumar hukuma a kansa.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ruwa mai tsabta a matsayin haƙƙin ɗan Adam a watan Yulin 2010, gwamnatin tarayya kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa da tsabtar muhalli a watan Nuwamban 2018. Amma ruwan birane a hannun hukumomin jihohi yake, kuma can ya kamata koke ya nufa. Ƙorafin "ba ma samun ruwa" yana da sauƙin kaucewa. Takardar da gidaje 20 suka sa wa hannu, ɗauke da sakamakon gwajin bokiti na mako guda da hoton wurin da bututu ya fashe, ta fi wuyar musantawa. A haɗa ta da tambayoyi uku: awa nawa aka tsara ba unguwar ruwa a mako, yaushe aka sauya bututunta na ƙarshe, kuma nawa aka saki daga kuɗin gyaran da aka sa a kasafin bana. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ware kwana 7 domin amsa irin wannan buƙata. A ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.