Yadda Shaidu Biyu Suka Shiga Takardar Wakilin Majinyaci

Mai karatu, idan ka taɓa jinyar ɗan'uwa a wani asibitin Amurka, wataƙila an miƙo muku takardar naɗa wakilin lafiya, wato mutumin da zai yanke shawarar magani a madadin majinyaci ranar da ya kasa magana. A ƙasan takardar akwai gurbin sa hannun shaidu biyu. Tarihin wannan gurbi mai ɗaci ne.

A watan Janairun 1983, Nancy Cruzan ta yi hatsarin mota a jihar Missouri, ta shiga sumar da ba ta farfaɗo ba. Bayan shekaru, iyayenta suka nemi a cire bututun da ake ciyar da ita, suna cewa da tana iya magana ba za ta amince da irin wannan rayuwa ba. Sai dai ba ta bar komai a rubuce ba. A 1990 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa jiha tana da hurumin neman hujja bayyananniya a kan abin da majinyaci ke so. Sai da wasu tsofaffin abokan aikinta suka ba da shaida sannan aka cire bututun a watan Disamba, ta rasu bayan 'yan kwanaki.

A shekarar ce majalisar dokokin ƙasar ta wajabta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su sanar da majinyata 'yancinsu na rubuta irin wannan takarda. Jihar New York ma ta kafa tata dokar: mutum ya sa hannu da kwanan wata a gaban shaidu biyu baligai, kuma wanda aka naɗa wakili ba zai zama shaida ba. A California, ɗaya daga cikin shaidun dole ya kasance ba dangi ba ne, ba kuma magaji ba, domin kada mai kwaɗayin gado ya tursasa wa marar lafiya.

Saboda haka, kafin ka sa hannu, bincika dokar inda kake, domin kowace jiha da nata sharaɗin. Zaɓi shaidunka tun kana da lafiya, ka faɗa wa wakilinka ra'ayinka a kan bututun abinci ɓaro-ɓaro, sannan ka ba likitanka kwafi.