Asalin Kalma: Gwamna

Matuƙin jirgin ruwa ne kakan wannan kalma. Daga bakin Girkawan dā ta fito, da ma'anar sarrafa akalar jirgi. Rumawa suka ara suka ce "gubernator", ta ratsa Faransanci ta shiga Ingilishi, sannan Turawan mulkin mallaka suka sauke ta a ƙasar Hausa.

Bahaushe ba shi da harafin "v", don haka ya gyara ta daidai bakinsa: gwamna, jam'inta gwamnoni. Ƙanwarta "gwamnati" ma ta wannan ƙofa ta shigo. Har yau dattawa kan ambaci Gwamna Lugga, wato Lugard, ko da yake muƙamin da ya riƙe a Arewa daga 1900 Babban Kwamishina ne. Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, shi ya zama gwamnan ƙasa baki ɗaya, aka bar wa Arewa laftanan-gwamna, Charles Temple. "Laftanan" ɗin nan Faransanci ne, ma'anarsa mai riƙe wa wani gurbi, kusan abin da Hausa ke kira muƙaddashi.

Sir Kashim Ibrahim ne ɗan Arewa na farko da ya zama gwamnan Jihar Arewa, a 1962.

A yau, maimakon laftanan-gwamna, "mataimakin gwamna" ake cewa, kuma kujerar ba ta ado ba ce. Lokacin da majalisar dokokin Kaduna ta tsige Gwamna Balarabe Musa a 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ne ya hau kujerar gwamna.