Cuɗanyar Magunguna da Yawan Maganin Ciwon Daji a Jini

Cuɗanyar magunguna ita ce sauyin da wani magani ke jawo wa aikin wani idan sun haɗu a jiki. A jinyar ciwon daji lamarin ya fi tsanani, domin tazarar da ke tsakanin adadin da ke magance cutar da wanda ke illata majinyaci ƙanƙanuwa ce.

Galibin cuɗanyar a hanta take faruwa. Akwai wani sinadari, CYP3A4, a hanta da bangon hanji, wanda ke narkar da magunguna da yawa domin jiki ya fitar da su. Rifampicin, ginshiƙin maganin tarin fuka, yana sa hanta ta ƙara samar da shi, sai maganin dajin ya riƙa fita da wuri. An auna imatinib, maganin wani nau'in sankarar jini, aka tarar ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 idan an haɗa shi da rifampicin. Carbamazepine da phenytoin na farfaɗiya ma haka suke yi. Wannan raguwar tana da hatsari ƙwarai, don ba ta da alama: majinyaci na shan ƙwayarsa kullum, cutar kuwa tana ci gaba. A Najeriya, inda tarin fuka ya yawaita, haɗuwar jinyar biyu a kan mutum ɗaya abin lura ne ƙwarai.

Wasu magungunan kuma toshe sinadarin suke yi, sai maganin dajin ya taru. Ketoconazole na ninka ibrutinib a jini har sau 24. Itraconazole na tsananta illar vincristine ga jijiyoyi, kuma ritonavir na masu ƙanjamau yana cikin wannan rukuni. A Japan, a 1993, sorivudine ya toshe wani sinadarin daban mai narkar da fluorouracil, majinyata fiye da goma suka rasu, aka janye sorivudine daga kasuwa.

Ciki ma yana da nasa tasirin. Erlotinib da dasatinib sai da tsamin ciki suke narkewa, don haka omeprazole, da ake saya a kemis saboda gyambon ciki, kan rage erlotinib da kusan rabi. Raba lokacin shansu ba ya isa, domin omeprazole kan wuni yana aiki. Methotrexate kuwa ta ƙoda yake fita, ibuprofen da diclofenac na iya jinkirta fitarsa.

Methotrexate mai babban adadi akan bi shi da gwajin jini, amma yawancin sauran magungunan dajin ba a saba auna su ba. Shi ya sa likita da mai haɗa magani suke dogara da cikakken bayanin duk abin da majinyaci ke sha, har da na gargajiya. Wani bincike na 2002 ya nuna ganyen St John's wort, da ake sha a Turai don damuwa, ya rage sinadarin irinotecan mai aiki da kashi 42 cikin 100.